Ni da Kulocin Motar Baba

Na san da yawanku da kun ga kan wannan rubutu za ku ce, to ita kuma wannan yau me ya kai ta gareji, ita da muka saba ji tana ba mu labarin uwargida da amarya? Ku yi haƙuri ku biyo ni. A littattafan da muke rubutawa mota ba ta taɓa lalacewa. Saurayi zai zo zance cikin wata dalleliyar mota, ya sauke gilashi, ƙamshin turare ya cika layi, yara su yi ta leƙe, in an gama hira ya ja abarsa sumul ya tafi. Ban taɓa karanta inda jarumin littafi ya taka kuloci ya ji ƙafarsa ta zarce ƙasa babu komai ba. To mu a gidanmu an yi haka, a daren da bai kamata ba, kuma da hannuna dumu-dumu a ciki.

Gidanmu yana cikin birni ne, wajen Mandawari, a irin lungunan nan da in mai kura ya shigo da jarkokinsa sai kowa ya manne da bango. Mota ba ta isa ƙofar gidanmu. A bakin lungu Baba ya fasa wani tsohon shago ya mai da shi gareji, a nan motarsa take kwana tun kafin a haifi yawancinmu. Peugeot 504 ce fara, wadda kowa ke kira Fijo, ya saye ta sabuwa dal a farkon shekarun 1980 lokacin yana aikin gwamnati. Ni ce auta a ɗakinmu, don haka motar ta girme ni nesa ba kusa ba, har Umma takan ce in na shiga in riƙa yi mata sallama domin yayata ce.

In kana son Baba ya manta da abincin da ke gabansa, to ka tambaye shi tarihin wannan mota. Zai gaya maka a 1968 aka fara fito da ita a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai, a 1975 ta cinye tseren Safari na ƙasar Kenya inda ake gudu cikin taɓo da ƙura, kuma a wannan shekarar ce kamfanin da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa Fijo a ƙasar nan. Zai ce maka zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo ita ce motar manyan ma'aikatan gwamnati, mai dogon bayan kuwa ita ce ta riƙe hanyar Kano zuwa Kaduna da Maiduguri da Katsina har Maraɗi. Faransawan da suka ƙirƙiro ta sun daina yin ta tun a shekarun 1980, amma Kaduna ba ta daina ba sai a tsakiyar shekarun 2000. Mun ji wannan karatu har mun haddace. A cikinta aka kai yayyena mata uku gidajen mazajensu, a cikinta aka ɗauko ni daga asibiti ina jaririya, kuma a cikinta Baba ya bi gawar kakarmu zuwa maƙabarta.

To amma girma ya zo wa su biyun. Baba yana fama da ciwon gwiwa, kuma ta hagu ce ta fi matsa masa, wato ƙafar da ake taka kuloci da ita. Kulocin motar kuwa ya yi tauri kamar ana taka dutse. Duk wanda ya san tuƙi a cikin birni ya san aikin ƙafar hagu ne: ka matsa taku biyu ka tsaya wa mai baro, ka matsa ka tsaya wa ɗan Adaidaita Sahu, ga almajirai, ga akuya ta kwanta a tsakiyar hanya ta ƙi tashi. In Baba ya je Kurmi ya dawo, sai ka ga ya daɗe zaune a mota kafin ya iya fitowa, ranar kuwa sallar isha'i a zaune zai yi ta. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Mu ne dai muke gani muna kawar da kai.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, tunda shi ne ya sa na ɗauki biro.

Bayan Babbar Sallah ta 2023, lokacin an cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, komai na kasuwa ya bi ta, sai wata safiya Baba ya kira ni. "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ungo wannan, ki biya ki sayo min man birki gwangwani ɗaya, na ga ya yi ƙasa. Mai hatimi za ki sayo, kin ji ko?" Na ce to. A lokacin ina tsakiyar sakin wani littafina a waya, masu karatu sun dame ni da ina ci gaba, ga shi datata ta ƙare. A hanya na ga wani mai tebur a bakin titi ya jera mayuka cikin robobin ruwa, na tambaye shi man birki, ya miƙo min wani a kusan rabin kuɗin. Na ce anya? Ya ce wallahi duk ɗaya ne, gwangwanin kawai ake saya da tsada. Zuciyata ta raya min ai mai mai ne. Na karɓa, na dawo gida na tarar Baba ya tafi masallaci, na sa ƙanena ɗan ɗakin Inna ya buɗe bonet muka juye, na jefar da robar a kwata, canjin kuwa na sa data. Da Baba ya tambaya na ce an zuba. Ya ce Allah ya yi miki albarka. Wannan albarkar ta daɗe tana ci na a rai.

Ba a yi sati uku ba ya fara cewa kulocin yana yi masa wani iri, da safe sai ya tattaka shi sau huɗu ko biyar kafin giya ta shiga. Ni ko a jikina, ban ma kawo cewa da alaƙa ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

A watan Agusta Yayata da nake bi tana gida goyon ciki, haihuwar fari. Wani dare wajen ƙarfe ɗaya, an ɗauke ruwan sama kenan, naƙuda ta taso mata gadan-gadan, kuma Umma da ta duba ta ta ce wannan ba ta gida ba ce, jini take gani. A lokacin dokar da aka kafa a 2022 ta hana 'yan Adaidaita Sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, yayyena maza duk suna bayan gari, mafi kusa a cikinsu yana Rijiyar Zaki. Muka rirriƙo ta ni da Umma da Inna har bakin lungu, tana cije leɓe tana kiran sunan Allah, muka kwantar da ita a baya. Baba ya tayar da mota, ya taka kuloci, sai na ji wani ɗan sauti, fat. Feda ta tafi ƙasa ta kwanta ba ta dawo ba. Ya sa yatsan ƙafa ya ɗago ta, ya sake takawa, ta sake kwanciya. Ya ja giya, sai ƙara kawai, ƙarrr, kamar ana niƙa tsakuwa.

Wallahi ban taɓa ganin fuskar Baba kamar ta wannan dare ba. Bai ce komai ba. Ya kashe motar, ya sa giya ta ɗaya tana kashe, ya leƙo ya ce wa samarin unguwa da hayaniya ta fito da su, "Ku yi gaba ku buɗe min hanya, in na tashi ba zan iya tsayawa ba." Ya murɗa makulli. Motar ta yi tsalle ta zabura kamar doki, ta yi tari biyu, sai ta kama. Haka muka fita, samari uku suna gudu a gabanmu cikin taɓo da fitilar waya suna kora awaki, kwata dama da hagu, Baba ya ƙanƙame sitiyari. Da muka hau kwalta sai na ga ya saki totur, ya zare giyar, ya ɗan saurara yana karkata kunne kamar mai sauraron kiran salla daga nesa, sai ya tura ta ta biyu ta shige ba tare da kuloci ba. A haka muka bi ta gaban babban Masallacin Juma'a muka nufi Asibitin Murtala, ba mu tsaya ko sau ɗaya ba, Allah ya taimake mu titi babu kowa. A bakin ƙofa ya taka birki ya kashe ta. Kafin asuba Yaya ta sauka, namiji, aka yi mata ƙarin jini, ita da ɗan duk lafiya.

Bayan suna sai aka yi zaman da na san za a yi. Yaya Babba ya ce, "Baba, don Allah a rabu da motar nan haka. Da fa a tsakiyar hanya ta tsaya? Mu haɗa kuɗi a hankali a samo muku ƙarama mai canja giya da kanta, ku huta da ciwon ƙafa." Wani ya ce ai ko 'yan gwangwan za su saya da daraja saboda ƙarfenta. Gaskiya suka faɗa, ban ga laifinsu ba, sai dai kowa a wurin ya san da yadda rayuwa ta yi tsada wannan haɗa kuɗin ba bana ba, ba baɗi ba. Abin da zai faru shi ne a sayar da Fijo, Baba ya koma zaman jiran wanda zai kai shi unguwa. Ya saurare su har suka gama, ya ce, "To, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." Washegari da na fita sayo koko na hango shi a gareji zaune a kujerar direba, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje, yana jan carbi. Na koma da baya don kada ya gan ni.

Akwai wani da yake zuwa wurina a lokacin, mai irin motar littattafanmu. Da na ba shi labari sai ya yi dariya ya ce, "Wannan akwalar ai gidan tarihi na Gidan Makama ya kamata a kai ta." Na yi murmushi na raka shi. Yadda muka ƙare da shi labarin wata rana ne.

Ina da 'yan kuɗin da na tara na littattafaina biyu, waɗanda Umma ta ce in ajiye saboda kayan ɗaki. Na same ta na ce zan gyara motar Baba da su. Ta dube ni ta ce, "Ke yanzu budurwa da ke za ki je ki zauna cikin maza a gareji? Me za a ce a unguwa?" Na ce da ƙanena za mu riƙa zuwa. Ta yi shiru can, sannan ta ce, "Ki dai sa babban hijabi."

Bakaniken da ya saba duba motar tsoho ne, ya kusa sa'ar Baba, garejinsa yana can wajen Ƙofar Ruwa ƙarƙashin wata darbejiya, kuma tun yana yaron gareji Fijo yake kwancewa. Aka jawo motar da igiya. Ya buɗe bonet, ya tsoma yatsa a man ya murza, ya shinshina, sai ya ɗago ya ce, "'Yata, wa ya zuba wa motar Malam wannan abin?" Gabana ya faɗi. Na ce me ya faru Baba? Bai amsa ba, ya kwance wani ɗan ƙarfe mai kamar guntun rake ya zare cikinsa, ya ɗora min wata baƙar roba a tafin hannu. Ta kumbura ta yi laushi kamar ƙullin alkaki. Ya ɗauko sabuwa ya ajiye kusa da ita, ƙarama, tsaf da ita. Ya ce robobin kuloci da na birki an yi su ne don man birki kaɗai, in man inji ko wani mai na fetur ya taɓa su sai su sha su kumbura su daina riƙe komai, kuma wannan da aka zuba gauraye ne. Sannan ya faɗi maganar da ta hana ni barci: "Ku gode wa Allah kuloci ne ya fara tafiya. Birkin ma ya sha, yana hanya."

Na ce ni ce. Haka kawai na ji bakina ya faɗa, a gaban yaransa da ƙanena. Ya dube ni ya girgiza kai ya ce, "Araha ba ta ado. To zauna ki ga abin da kika ɓata, don gobe ki san shi." Ya sa aka kawo min benci.

Kwana biyar ina zuwa garejin nan da littafin rubutuna, masu wucewa suna kallona, wani har ya tambaya ko 'yar jarida ce. Abin da na fahimta, in faɗa muku shi yadda zan faɗa wa ƙawata. Inji yana juyawa ne kullum, tayoyi kuwa wani lokaci ana so su tsaya ko a canja musu giya, don haka dole a sami abin da zai haɗa su ya kuma raba su. Wani faranti ne mai fata-fata a fuskarsa, an matse shi tsakanin babban faifan inji da wani murfi mai sufirin, sufirin ɗin kamar buɗaɗɗen faifai mai yatsu da yawa sun haɗu a tsakiya. Muddin yana matse, inji na jan mota. Duk wahalar da ƙafar hagu take sha don a danna waɗannan yatsu ne farantin ya sami sarari. To daga feda zuwa yatsun akwai 'yan aike a jere. Feda tana tura kulocin sama, wato ɗan famfon da ke jikin bangon inji, shi kuma ya tura mai ta bututu da tiyo zuwa kulocin ƙasa da ke jikin giyabos, kulocin ƙasa ya tura wani ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa, gwafar ta tura boris, boris ya danna yatsun. In ɗaya ya yi ha'inci a cikinsu saƙo ba zai isa ba. A daren Yaya, robar kulocin sama ce ta saki, Baba yana takawa man yana zagayewa ya koma inda ya fito.

Da canja robobin kawai za a yi, aikin yini ɗaya ne, kuɗin kuma kaɗan. Amma ni ba don mota ta tashi kawai na zo ba. Na ce masa, "Baba, so nake kulocin nan ya yi laushi yadda gwiwar mahaifina za ta iya." Ya ce to wannan sai an shiga ciki. A irin wannan mota akwai bututun ƙarfe da ya taso daga giyabos har zuwa tayoyin baya, don haka shi ya fi ganewa ya ciro injin ta sama. Suka rataya sarƙa suka zaro shi, na ga cikin motar Baba wayam, har sai da na ji wani iri kamar na ga babba ba hula.

A nan aka ga aikin shekaru. Farantin ya cinye har ƙusoshinsa sun fara leƙowa, kuma ya ce irin wannan sufirin, yadda faranti ke ƙara sirancewa haka takawa ke ƙara tauri. Boris ɗin da ya juya shi a kunnena sai ƙara yake, sharr sharr, ya bushe. Hannun ƙarfen da boris ke zamewa a kai ya yi tsatsa da dattin shekara da shekaru, ɗan dunƙulen da gwafa ke juyawa a kansa ya cinye gefe guda. Tiyon roba kuwa daga waje lafiya lau, da ya yanka shi sai ga cikinsa ya kumbura ya toshe, hanyar man ba ta fi ƙofar allura ba. Ashe duk wannan Baba yake turawa da ciwon gwiwa. Ya ce yawancin wannan ɓarna lungu ne ya jawo ta, domin direban cikin birni ba ya ɗauke ƙafa daga kan kuloci, yana tafe rabi a take, boris yana ta juyawa ba hutu, faranti yana goguwa yana ƙonewa. Ya koya min yadda ake gane boris ya mutu ba sai an kwance ba: in ka taka ka ji ƙara, ka saki ƙarar ta ɗauke, to shi ne.

Sai gardama ta tashi tsakaninsa da babban yaronsa, wani mai son sabon abu, kullum yana kallon gyaran mota a waya. Shi cewa ya yi a yi mata irin na motocin zamani, inda aka haɗe kulocin ƙasa da boris suka zama abu guda a can cikin ƙoƙon giyabos, babu gwafa babu komai, ya ce laushi kamar ka taka burodi. Ni har na fara washe baki. Tsohon ya ce a'a. Na farko ba a yi shi don wannan giyabos ba, sai an yi ƙira da fafare kafin ya zauna, in aka kuskure tazara kaɗan ko dai ya ƙi saki ko ya zarce ya fashe. Na biyu, ranar da ya fara yoyo sai an sake ciro inji kafin a kai gare shi, man kuma a kan sabon faranti zai zuba. "Wannan na waje kuwa," ya nuna na asalin, "ko a Ɗambatta ya lalace, yaro mai sifana biyu zai canja shi kafin a yi la'asar." Na ga dai kowannensu da gaskiyarsa, amma da na tuna daren nan sai na bi bayan tsoho.

Dabarar da ya yi ta fi burge ni. Ya ce in aka sa kulocin ƙasa mai faɗin ciki fiye da na asali kaɗan, feda za ta yi sauƙi, amma ba kyauta ba ne, abin da ka samu a sauƙi za ka biya shi a nisa, domin sandar ba za ta tura gwafa da nisa kamar da ba. In faɗin ya yi yawa faranti ba zai saki sosai ba. Muka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ni da shi da ƙanena, rumfa bayan rumfa, yana ɗaga kaya yana jinjina nauyinsu yana mayarwa. Wani kwalin ya yi kyau har da tambarin zaki, ya buɗe ya shafa cikin ƙarfen ya ce wa mai shagon, "Haba ɗana, ni za ka ba wannan?" Muka samo sabon faranti da murfinsa da boris, da kulocin sama, da tiyo mai saƙar waya a jikinsa wanda ba ya kumbura in an taka, da kulocin ƙasa iri biyu bisa sharaɗin za a dawo da wanda bai yi ba. Kuɗin kayan ɗakina suka tafi saura kaɗan.

Da aka mayar da inji ya fara gwada mai faɗin. Awonsa tsinken tsintsiya ne: ya kwanta a ƙasa ya kara shi jikin sandar, a taka, ya karya daidai inda ta tsaya, ya gwada da wani tsinken da ya auna a jikin wata Fijo mai lafiya da ke garejin. Na farkon laushi kamar me, amma tsinkensa ya gaza, kuma da aka tayar aka nemi ribas sai ƙarrr. Ya ce ribas ce mai tona asiri, don ita ba ta da abin daidaita gudu irin na sauran giyoyin, in kuloci bai saki duka ba ita za ta fara kuka. Yaron ya ce a bar shi haka mana, ai sauran suna shiga. Ya ce, "Motar Malam ce." Aka cire aka sa na biyun, wanda faɗinsa ke tsakani.

Fitar da iska kuwa ni aka ba feda. Iska ita ce abokiyar gabar wannan tsari, don mai ba ya matsuwa amma ita tana matsuwa, in ta maƙale a bututu sai ka taka ka ji kamar soso. Na tattare hijabi na zauna a kujerar Baba, karo na farko a rayuwata, tsohon yana ƙasa yana ba da umarni. "Taka! Taka! Riƙe!" Sai ya buɗe ɗan noti mai ya fito da kumfa ya rufe. "Saki!" Muka yi ta yi har cinyata ta fara rawa, yara suna dariya wai Hajiya ta zama ƙaramar bakanike. Can sai na ji fedar ta cika a ƙarƙashin ƙafata, tana tafiya sumul tana dawowa da kanta. Aka wanke layin birki kaf aka canja robobinsa, aka zuba sabon mai daga gwangwanin da aka fasa hatiminsa a gabana. Ya ce ko mai kyau ne a riƙa juye shi duk bayan kamar shekara biyu saboda yana shan danshi, kuma kada a ajiye ragowa a buɗe. Gwajinsa na ƙarshe, ya ja birkin hannu, ya sa babbar giya, ya saki kuloci a hankali, motar ta mutu nan take. Na ce wayyo ta lalace! Ya ce a'a, da ba ta mutu ba ne za ki yi kuka, alamar faranti yana zamewa kenan.

Ranar Juma'a da safe ya kawo ta da kansa har bakin lungu. Yaya Babba yana nan, ya harɗe hannu, ya ce shi dai har yanzu ra'ayinsa bai canja ba, tsohuwar mota tsohuwa ce, yau kuloci gobe wani abu. Ban yi musu da shi ba don na san haka ne. Baba ya fito yana dogara sanda ya shiga, ya ɗora ƙafa ya taka da irin ƙarfin da ya saba, sai fedar ta tafi da sauri har ya ɗan zabura. Ya sake takawa a hankali. Ya sake. Ya sa ribas ta shige shiru. Bai dubi kowa ba ya ce, "Uwata, shigo mu zaga."

Muka fita ta Ƙofar Na'isa muka bi gefen ganuwa. Na daɗe ina juya maganar a bakina, sai da muka tsaya a danja sannan na ce, "Baba, man da kuka aike ni saye bayan Sallah, ba mai hatimi na sayo ba. Na bakin titi na sayo na riƙe canjin. Shi ya ɓata motar." Hawaye ya hana ni ƙarasawa. Ya yi shiru har aka ba mu hannu, ya ja mota, sannan ya ce, "Na sani. Da na dawo daga masallaci ban ga gwangwani a shara ba, ke kuma ba kya iya kallon idona. Na ɗauka dai mai araha ne, ban san gurɓatacce ba ne, da na zubar da shi a ranar. Kin ga ni ma da nawa laifin, da na tambaye ki." Can kuma ya ce, "Umman taku ta gaya min kuɗin da kika kashe." Daga nan bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Yanzu in ya je Kurmi ya dawo da ƙafarsa yake fitowa, ba ya zaman nan na cikin mota. Gwiwar dai tana nan, likita ya ce sai lallaɓawa. Ran Lahadi da safe yakan kai ni wani fili can bayan gari yana koya min tuƙi, kuma kalmar da na fi ji a bakinsa ita ce, "Ɗauke ƙafarki daga kan kulocin nan, ba matashi ba ne." Kayan ɗaki kuwa na koma tari daga farko, ina kan littafi na uku, kuma a babi na bakwai motar jarumin ta mutu masa a ƙofar gidan su yarinyar, sai da ƙannenta suka tura shi.

Kwanan baya ya sake kirana, ya zaro kuɗi daga aljihun gaba ya miƙo min. "Uwata, man birki. Ki taho min da gwangwanin a rufe, da kuma canjina."